Yadda za ka bar ajinka idan lalura ta raba ka da makaranta

Shekara 11 ke nan ina koyar da Hausa a wata sakandaren gwamnati a cikin garin Sakkwato. Bara, a zangon karatu na biyu, mahaifiyata ta kwanta asibiti, kuma ni ne babba, jinya ta faɗo kaina. Na shiga ofis na gaya wa shugaban makaranta da baki. Ya ce, "Allah shi ba ta lahiya, Malam, tahi abinka, muna kula da ajin." Sati uku na yi. Ranar da na dawo na karɓi littafin wani yaro ɗan SS3, na tarar darasin ƙarshe da ke ciki shi ne wanda na ba su ranar da zan tafi. Ga WAEC tana tafe a watan Mayu. A kan teburina kuma ga takardar tuhuma tana jirana, wai ba a ga sunana a littafin sa hannu ba, kuma babu komai a fayil ɗina.

Na sami mataimakin shugaba mai kula da karatu, na ce, "Ranka shi daɗe, wa aka turo wa yaran nan?" Ya ce an gaya wa duk wanda ba shi da darasi ya riƙa leƙawa. Sannan ya ƙara da maganar da har yau take ci mini rai: "Ai Hausa ce, wa bai iya Hausa ba?" Abin da zan faɗa a nan daga wannan sati ukun na koye shi.

Fara da takarda. Komai kyawun zamanka da shugaba, maganar baki ba ta shiga fayil. Rubuta neman izini, ka sa ranar tafiya da ranar da kake sa ran dawowa, ka yi kofi biyu, a sa hannu a kan naka, ka ɗauki hotonsa a waya. In lalurar ta zo da dare ne, tura saƙo a rubuce da asuba, ka aiki ƙanenka da takardar kafin a tashi makaranta. Shaidar asibiti ta biyo baya.

Sai babban aikin: nemo wanda zai riƙe ajin da kanka, ka rubuta sunansa a cikin takardar nan. Aikin da aka bar wa "duk wanda ba shi da darasi" babu mai yin sa, don kowa yana zaton wani ya shiga. Ka fara da abokin aikinka na fanni ɗaya, ku buɗe jadawali tare ku ga inda darussanku suka ci karo, ku daidaita a matsayin bashi: ya riƙe maka yau, ka riƙe masa ranar tasa lalurar. In lokacin ya dace da zuwan ɗaliban koyon aikin koyarwa, irin waɗanda Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari take turowa, duba ko akwai mai nazarin Hausa a cikinsu. Sau da yawa sun fi mu ɗokin shiga aji. Masu bautar ƙasa kuwa, yawancinsu daga nesa aka kawo su, ba adalci ba ne a ɗora wa wanda ke koyon "ina kwana" darasin nahawu. Amma zai iya tsayawa a kan yara su yi aikin da ka bari, ya tattara littattafai, kuma wannan ma taimako ne babba.

Kada ka miƙa wa mutum tulin littafin shirin darasinka ka ce ya duba. Ba zai duba ba. Kowane darasi ka ba shi takarda ɗaya: ga aji, ga rana, ga abin da za a rubuta a allo, ga aikin da yara za su yi, ga amsoshin a baya. Kuma ka zaɓi abin da zai yiwu ba tare da kai ba. Sabon babi mai wuya ya jira dawowarka. Auna fahimta, insha'i, rubutun wasiƙa da bitar tambayoyin shekarun baya, waɗannan kowane malami mai niyya zai iya gudanar da su.

A nan ne amsar maganar mataimakin shugaba take. Yaranmu sun iya Hausa, har sun fi ni daɗin baki. Amma Sakkwatanci suke yi, jarrabawa kuwa Daidaitacciyar Hausa take nema. Yaro zai rubuta "biyat" a maimakon "biyar", "tahi" a maimakon "tafi", "mi" a wurin "me", "wanga" a wurin "wannan". Ba kuskure yake yi a harshen gidansu ba, ina kuma gaya musu haka kullum don kada su raina abin da suka tsotsa, sai dai mai maki ba da shi yake awo ba. Ƙara da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ da suke mantawa, har "ƙasa" ta koma "kasa", da matsalar inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. Malamin da ya leƙo don kawai yana jin Hausa, shi ma "tahi" zai gani ya wuce. Don haka a cikin takardun da nake bari yanzu akwai shafi guda na irin waɗannan kalmomi, gefe ɗaya yadda muke faɗa, ɗaya gefen yadda ake rubutawa, in ce wa mai riƙon ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk wadda ya gani. Ba sai ya yi bayani ba, bayanin nawa ne in na dawo.

Ka ja monita a jiki. Ba shi lambar wayarka da ɗan littafi, ya riƙa rubuta wanda ya shigo da abin da aka yi. Ba leƙen asirin kowa ba ne, ka gaya wa mai riƙon da bakinka cewa ka sa a yi haka. Ranar Alhamis da yamma ka kira, ko kana bakin gadon asibiti minti biyu sun isa. Da na yi wannan bara, da tun satin farko na san ajina a buɗe yake.

Makin gwaje-gwaje kada ka kulle shi a durowa ka tafi da makulli, bar kofi a hannun mai kula da jarrabawa. Bar alli ma. In tafiyar ta faɗo a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ka roƙi a musanya darussanka na ƙarshe su dawo safe. Aji mai yara sama da sittin a ƙarƙashin kwano da ƙarfe ɗaya na rana, mai ajin ma da ƙyar yake riƙe su, balle baƙo.

Ranar da ka dawo, kafin ka taka ofis, shiga aji ka yi ɗan gwaji na minti goma sha biyar a kan abin da ka bari. Da sakamakon da littafin monita za ka je wurin mataimaki, ka ce darasi kaza aka rasa, ina neman gurbi kaza in cike. Bara da fushi na shiga, hannu rabbana, na fito ba abin da na samu sai umurnin in amsa tuhuma cikin kwana biyu. Na amsa, na liƙa takardar asibiti. Darussan da aka rasa kuwa, ni da yaran muka biya su ranakun Asabar huɗu a jere, daga ƙarfe takwas zuwa goma, bayan na bi iyayensu ɗaya bayan ɗaya na nemi izini.