Babi na 6: Yadda ake haɗa mazaunin lofe da katako

Darasi na 1: Kayan aiki

Iyayena da ƴan'uwana, sannunku da ƙoƙari. A wannan babi za mu haɗa mazaunin lofe, wato ɗan katakon da ake jera lofe a kai don kada ya faɗi ya fashe. Mai sayar da lofe a Kasuwar Dole ta Damagaram zai jera hajarsa kowa ya gani, dattijo mai lofe biyu ko uku kuma ya huta da laluben ƙarƙashin tabarma. Taba dai tana cutar da ƙirji, kuma tun 2006 Nijar take da dokar hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Mu awo da karatun lamba ne suka tara mu a nan.

A nemo zarto, guduma, ƙusa 8 masu tsawon santimita 4, fensir, wuƙa mai kaifi, da metir irin na tela ko na kafinta. Katako kuwa a samo mai kaurin santimita 2. Ba sai an sayi sabo ba, guntayen da suka rage a shagon kafinta sun isa. Amma ya zama busasshe. Ɗanyen katako, da zarar iskar hunturu ta busa, sai ya lanƙwashe ko ya tsage. A juya shi a duba, in akwai ƙananan ramuka da gari, gara ko ƙwaro sun riga ku, a bar shi.

Gunduwa 4 za mu yanka. Ta ƙasa, tsawo 40, faɗi 12. Ta sama, tsawo 40, faɗi 6. Ƙafafu biyu, kowace tsawo 12, faɗi 6. Duk lambobin nan santimita ne. In an ga "sm" a rubuce, santimita ake nufi.

Darasi na 2: Awo

A nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali.

Ku buɗe metir ɗinku. Lambar farko da ido yake gani ita ce 1. To, ba daga nan ake fara awo ba. Daga bakin metir ake farawa, inda ɗan ƙarfen nan yake. Wurin nan shi ne sifiri, 0, ko da ba a rubuta shi ba. Ku ɗora ɗan ƙarfen daidai bakin katako. Ba lamba 1 ba, ɗan ƙarfen. Wanda ya fara daga 1 ya tsaya a 40, santimita 39 ya auna, katakonsa ya gaza da ɗaya.

Ku sa yatsa a kan 0. Ku faɗa da baki: sifiri. Madalla. Yanzu ku bi da yatsa: 10, 20, 30, 40. Ku yi alama da fensir. Ku ɗauke metir, ku sake ɗorawa daga 0, ku sake aunawa. In alamar ta faɗa wuri ɗaya, sai a ɗauki zarto. In ta saɓa, ba komai, a goge a sake. Fensir yana goguwa, yankan zarto ba ya komawa.

Yanzu sai wuraren lofe guda 5. A ɗora gunduwar sama a kan ta ƙasa, bakinsu ya daidaita. A ɗora metir, daga ina? Daga 0. A yi alama a 6, 13, 20, 27 da 34. Tsakanin kowace alama da ta gaba santimita 7 ne. A ja layin ya sauka a kan katako biyun lokaci ɗaya, don ramin ƙasa ya zauna daidai ƙarƙashin hudar sama.

A kula da 13 da 31, ba ɗaya ba ne. Lamba daga hagu ake karanta ta, ba kamar ajami ba. Haka 6 da 9: in metir yana kife, 6 sai ta koma 9. Ku juya shi lambobin su fuskance ku.

Haba jama'a! Har yanzu ana kawo mini katako mai 39. Wani ya ce ai ya auna da taƙi. Taƙinka da na maƙwabcinka ba ɗaya ba ne, Malam. Wani kuma ya ba ɗansa ɗan lakkwal ya auna masa a gida. Yaron ne ya shiga ajin nan ko kai? Gaggawa aikin shaiɗan ce. A koma kan 0, a fara daga ɗan ƙarfen.

Darasi na 3: Huda da rami

A kan kowace alama ta gunduwar sama, a huda rami mai faɗin santimita 2, a tsakiyar katakon. Kafinta zai huda muku da injinsa. In babu, a gasa ƙarfe a wuta a huda da shi, sannan a kankare baƙin da wuƙa. A gunduwar ƙasa ba a hudawa, ɗan kwarmi kawai ake ƙwaƙulewa inda kan lofe zai zauna. Kan lofe a ƙasa yake zama, bututun ya leƙo ta sama, don danshin ciki ya gangaro kada ya kwana a bututu.

Darasi na 4: Haɗawa

A tsayar da ƙafafu a gefe biyu, can wajen baya. Ƙusa biyu ta ƙasa, biyu ta sama, a kowace ƙafa. A ɗan daki tsinin ƙusa da guduma kafin a kafa, katako ba zai tsage ba.

Darasi na 5: Gogewa

A goge da takardar goge katako har ya yi santsi. Mai so ya shafa fenti, a bar shi ya bushe a inuwa. Kowa ya zo da nasa ranar Asabar, tare da metir.