Yadda Kwamitin Tsaron Unguwa Zai Gano Tushen Sata Kafin Ya Ɗauki Gora

Kwamitin da ya fara da sayen tocila da gora bai san inda ɓarnar take ba, yawon dare kawai zai yi. Littafi da biro su ne kayan aikin farko.

A ajiye babban littafi wurin mai unguwa. Duk wanda aka yi wa sata, babur ne ko waya ko akuya, a rubuta rana, lokaci, ainihin wurin, abin da aka ɗauka, da yadda aka yi: haura katanga, fasa kwaɗo ko fizge. Kada sunan wanda ake zargi ya shiga ciki, domin da zarar ya shiga, littafin ya zama wurin ramuwar gayya. Bayan wata uku a zana taswirar unguwar a kan kwali, kowace sata a ɗiga mata ɗigo.

Ɗigon yakan taru a wurare kaɗan. Binciken da Lawrence Sherman da abokansa suka fitar a 1989 kan birnin Minneapolis na Amurka ya nuna rabin kiran da ake wa 'yan sanda daga kusan kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin yake fitowa. Saboda haka 'yan sintiri goma su tsaya kan lunguna biyu ko uku da taswira ta nuna, maimakon su watsu ko'ina.

A kowane wuri a duba bayanin da masanan Amurka Cohen da Felson suka yi a 1979. Sun ce sata na faruwa idan abu uku suka haɗu: mai niyya, abin ɗauka mai sauƙi, da rashin mai sa ido. Canza zuciyar mai niyya yana cin lokaci, amma sauran biyun suna hannun unguwa. Baburan da aka jera a ƙofar masallacin Juma'a, mutum biyu masu tsaro da tikiti mai lamba sun ishe su. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke kora mutane kwana a tsakar gida ko ƙofar zaure, waya na gefen tabarma, ɗaki a buɗe, to sintiri ya fi ƙarfi daga tsakar dare zuwa asuba. Kangon gini a nemi mai shi ya sa ƙofa. Lungu mai duhu a sa fitilar sola, a ɗaure ta can sama, don ita ma ana cire batirinta. Mai shayin da ke kaiwa ƙarfe ɗaya na dare kuwa kada a kore shi. Idonsa da fitilarsa gadi ne kyauta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kan yaron da aka kama karon farko. Masanin zamantakewa Howard Becker ya yi bayani a 1963 cewa laƙabin da jama'a suka liƙa wa mutum yakan tura shi cikin laifin. Yaron da aka aske wa kai aka zagaya da shi ana ihun ɓarawo, babu mai ɗaukarsa a shago, kuma majalisa ɗaya ce za ta karɓe shi, wato ta masu shaye-shaye. Idan ɓarnar ƙarama ce kuma mai kaya ya yarda da sulhu, a zauna a zauren mai unguwa da mahaifinsa da liman. Ya amsa laifi, a tsara yadda zai biya, sannan a damƙa shi ga wani mai sana'a, bakanike ko tela ko baduku, wanda zai riƙa ba da labarinsa duk mako. Wani masanin, Travis Hirschi, ya nuna a 1969 cewa shaƙuwa da iyaye da shagala da aiki mai amfani suna riƙe matashi. Idan kuma taramol ko kodin ne ke tura shi, a nemi sashen ba da shawara na hukumar NDLEA, kuma a kai rahoton mai sayarwa.

Fashi, fyaɗe, ko duk abin da ya haɗa da makami ba na sulhu ba ne. A miƙa wanda aka kama ga 'yan sanda nan take, a sanar da uban ƙasa. Kwamiti ba shi da hurumin tsare mutum ko dukansa don ya amsa laifi, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 tana nan.

Sata tana iya komawa layin gaba idan aka toshe wani, don haka a sake zana taswirar duk wata uku, a gwada da ta maƙwabta. Kuɗin sintiri kuma a karɓa da rasit, a karanta shiga da fita a gaban jama'a ƙarshen kowane wata.