Yadda za ka gane ko mace-macen tsofaffi tukuf sun wuce kima

Aikina bibiyar alƙaluman mace-mace ne. Duk lokacin da aka fita daga hunturu mai tsanani, ko zafin da ya wuce misali, ko wata annoba, tambaya ɗaya ake yi mini: tsofaffin da suka rasu a bana sun fi na kullum yawa ne, ko kuwa mun fi lura ne kawai? Tambayar tana da amsa, kuma duk mai iya raba lamba da lamba zai iya samo ta. Abin da ke ci mini rai shi ne saurin da ake rufe maganar da "ai dama sun tsufa". Kowa da ajalinsa, babu jayayya. Amma ajali yana zuwa da sababi, kuma idan sababin ɗaki ne da ba a sanyaya ba, ko allurar rigakafin da ba ta iso ba, wajibi ne a sani. Zan yi magana a kan 'yan shekara 85 zuwa sama, domin a nan lissafin ya fi ruɗa mutane.

Tushen abin mai sauƙi ne. Ka ƙirga waɗanda suka rasu a wani lokaci, ko me ya kashe su, ka cire adadin da ake sa ran za su rasu da babu abin da ya faru. Abin da ya saura shi ne ƙarin mace-mace. William Farr, masanin ƙididdiga ɗan Ingila, ya yi irin wannan lissafi a kan annobar murar da ta auka wa Landan a 1847. Da shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙarin mutum miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali waɗanda aka rubuta cewa korona ce ta kashe su wajen miliyan 5.4 ne. Ga tsofaffi hanyar ta fi amfani, saboda mai shekara 90 yakan haɗa ciwo uku ko huɗu. Zafi ne ya kwantar da shi, amma a takardar shaidar mutuwa za ka ga an rubuta ciwon zuciya ko na ƙoda. Idan ka bi ta abin da aka rubuta, ba za ka ga zafin ba.

Fara da samo adadin mace-mace mako-mako, an raba shi bisa shekaru, maza daban mata daban, tunda mata ne suka fi yawa a wannan rukuni kuma sun fi daɗewa. Rumbun Human Mortality Database, na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da Cibiyar Max Planck da ke Rostock a Jamus, yana fitar da irin wannan ga ƙasashe da dama, da layin 85 zuwa sama a ware. Shirin sa ido kan mace-mace na EuroMOMO ma, da ake tafiyarwa daga Kopenhagen, yana bibiyar ƙasashen Turai. Duba ko ranar rasuwa aka bi ko ranar rajista, domin a makon da ofisoshi suke rufe adadin yakan faɗi, ya yi tsalle a mako na gaba. Kada ka yarda da makonnin baya-bayan nan, takardu ba su gama shigowa ba. Wasu shekarun kuma, irin 2020, mako 53 gare su.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Bari in ƙirƙiro lambobi don misali kawai. A ce a wata ƙasa, cikin shekara biyar da suka wuce, akwai tsofaffi 100,000 masu 85 zuwa sama a matsakaici, kuma 15,000 ke rasuwa duk shekara. Wato 15 cikin ɗari. A bana sai 16,200 suka rasu. Mai gaggawa zai cire 15,000 daga 16,200, ya ce an samu ƙarin 1,200, kashi 8 cikin ɗari, ya kai wa jarida.

Tambaye shi tsofaffi nawa ne suke raye a farkon bana. A ce sun ƙaru zuwa 106,000, kamar yadda suke ƙaruwa a kusan kowace ƙasa. Kashi 15 cikin ɗari na 106,000 shi ne 15,900. Ƙarin ya koma 300 ke nan, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ragowar 900 ɗin yawan tsofaffin ne ya kawo su, haɗarin mutuwa bai canja musu ba.

Da saura. Tun wajen shekarun 1950 haɗarin mutuwar waɗanda suka haura 80 yake raguwa a ƙasashen da ke da cikakkiyar rajista, kamar yadda Väinö Kannisto, masanin ƙidaya ɗan ƙasar Finland, ya nuna a ayyukansa na shekarun 1990. A ce a ƙasar tamu ta misali yana raguwa da kashi 1 cikin ɗari na kansa duk shekara. Tsakiyar shekara biyar ɗin da ka ɗauka tana baya da shekara uku, don haka 15 ɗin nan ya kamata ya sauko zuwa kusan 14.55 a bana. Ka buga shi da 106,000, za ka samu wajen 15,420. Ƙarin ya zama kusan 780, kashi 5 cikin ɗari. Mamatan ba su canja ba, 16,200 ne, amma ga amsa uku: 1,200 da 300 da 780. Ta uku na fi amincewa da ita, da sharaɗin ka tabbatar raguwar tana nan. A Ingila, alal misali, raguwar ta yi sanyi sosai bayan 2011, kuma wanda ya ci gaba da lissafi da saurin shekarun baya zai riƙa ganin ƙari kowace shekara. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya, ONS, ta daɗe tana amfani da matsakaicin shekara biyar, sai a Fabrairun 2024 ta koma tsarin da ke la'akari da yawan jama'a da shekarunsu.

Shi kansa rukunin 85 zuwa sama buhu ne da aka zuba mai 85 da mai 99 a ciki aka ɗaure. Tun 1825 Benjamin Gompertz ya nuna cewa haɗarin mutuwar baligi yana hawa ninki-ninki, kuma a aikace yakan ninka kusan duk shekara takwas. Mai 93 ke nan yana ɗauke da kusan ninki biyu na haɗarin mai 85. Idan masu 90 zuwa sama suka yi yawa a cikin rukunin, adadin zai hau ba tare da wata cuta ta shigo ba. In akwai hali, raba shi: 85 zuwa 89, 90 zuwa 94, 95 zuwa sama, ka yi wa kowanne lissafinsa sannan ka haɗa. Ka kuma waiwayi tarihin haihuwa. A Ingila da Wales an haifi jarirai sama da 950,000 a 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, adadin da ba a sake kaiwa ba. Da suka cika 90 a 2010, mace-macen masu 90 zuwa sama suka riƙa hawa. Waɗanda aka haifa da yawa a 1946 za su cika 85 a 2031, don haka ku shirya jin irin wannan kururuwa a lokacin.

Wajen zaɓar shekarun da za ka auna da su, kada ka sa 2020 da 2021, za su ɗaga mizanin su ɓoye ƙarin da ya biyo baya. Ka kuma auna mako da takwaransa na shekarun baya, domin tsofaffi sun fi rasuwa a lokacin sanyi. A hunturun 2014 zuwa 2015, da murar H3N2 ta yi ƙarfi, ONS ta lissafa ƙarin mutum kusan 43,900 a Ingila da Wales, mafi yawansu masu 75 zuwa sama.

Sai mu koma ga "ai dama sun tsufa", wato dama sun kusa rasuwa. Wannan magana ana iya gwada ta. Idan da gaske waɗanda suka rasu saura musu 'yan makonni ne, to bayan tashin adadin dole ka ga ya faɗi ƙasa da yadda aka saba, kuma giɓin ya yi kusan daidai da ƙarin. Don haka kada ka tsaya a makon da abin ya yi ƙamari. Ci gaba da tara ƙari da giɓi har wata shida ko shekara, ka ga ko jimillar ta dawo sifili. Wani lokaci takan dawo da wani kaso, musamman bayan mura. A Faransa, zafin watan Agustan 2003 ya kashe kusan mutum 15,000 cikin kimanin mako uku, galibi tsofaffi, da yawansu mata masu zama su kaɗai. A watannin da suka biyo baya ba a ga giɓin da ya yi kusa da cike wannan adadi ba. Mace-mace sun ragu a 2004, amma masu bincike sun fi danganta hakan da sauyin da aka yi wajen kula da tsofaffi, ciki har da shirin gargaɗin zafi na ƙasa da aka kafa a shekarar. Ka riƙe wannan ma: a ƙasashe masu arziki, wanda ya kai 85 yana da sauran shekara shida zuwa bakwai a matsakaici. Shekara shida ba ƙaramin abu ba ne ga mai jikoki.

Akwai matsalar da ke lalata lissafi tun daga tushe, wato shekarun da ba daidai ba. Inda babu takardar haihuwa, tsofaffi da 'ya'yansu sukan faɗi 80 ko 90 ko 100. Jera mamatan shekara-shekara, in ka ga tudu a kan lambobin da suka ƙare da 0 ko 5, ka san ƙiyasi ne, sai ka faɗaɗa rukunin zuwa 80 zuwa sama. Ƙasashen da suka ci gaba ma ba su tsira ba. A 2010, bayan an gano cewa wani da ake ɗauka shi ne namiji mafi tsufa a Tokyo ya yi kusan shekara 30 da rasuwa, binciken gwamnatin Japan ya samu sunaye sama da 230,000 na masu shekara 100 zuwa sama a rajistar iyali da ba a san inda suke ba. Mamacin da ya ci gaba da zama a jerin rayayyu yana kumbura lambar da kake rabawa da ita, haɗarin mutuwa ya fito ƙasa da gaskiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan huɗu cikin goma na mace-macen duniya ba a yi musu rajista. A irin wannan wuri sai ka dogara da littafin maƙabarta ko na asibiti, ka auna wuri ɗaya da kansa a shekarun baya. Idan lambobin ƙanana ne, kamar na gidan kula da tsofaffi guda, yi hattara. Inda aka saba rasa mutum 25 a shekara, 30 ko 20 duk suna cikin hawa da saukar da aka saba. Ka ɗauki tushen murabba'in adadin, wato lambar da in ka buga ta da kanta za ta ba ka adadin, a nan 5, ka ninka biyu: sai abin ya wuce 35 za ka fara zargin wani abu ya faru.

Idan za ka fitar da sakamako, rubuta adadin da ka ƙirga, da wanda ka sa rai, da shekarun da ka auna da su, da yawan tsofaffin da ka raba da shi, da kuma ko ka saka raguwar haɗari a ciki. Ka ba da ƙarin a lamba da kuma kashi cikin ɗari, na maza daban, na mata daban.