Yadda Za Ka Kai Jama'arka Hawan Dutse Ba Tare da Rigima a Bakin Ƙofa Ba

Kowace shekara, kwana biyu ko uku bayan Babbar Salla, nakan ɗebi matasan unguwarmu a Nima mu cika mota mu fita daga Akra zuwa hawan dutse. Mun je Shai, mun je Wli inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, mun hau Afadjato. Hawan da kansa bai taɓa ɓata mana tafiya ba. Abin da ke ɓata ta shi ne minti goman farko a bakin ƙofa, inda wani yaro zai ɗaga murya ya ce, "Dutsen Allah ne, don me za mu biya?" mai gadi kuma ya haɗe rai ya rufe littafinsa. Yawancin rigimar nan tun daga gida ake kashe ta, kafin direba ya tayar da mota.

Ka fara da sanin wurin na wane ne, domin ba hannu ɗaya ke riƙe da duwatsun Ghana ba. Shai, wanda ke kan hanyar Akosombo, kamar kilomita 50 daga Akra, yana ƙarƙashin sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji, haka Mole da Kakum da Kyabobo. A irin waɗannan wurare ma'aikacin da ke ƙofa ba shi ya kafa doka ba, ba shi kuma da ikon ɗage maka ita, ko za ka wuni kana roƙo. Afadjato kuwa, mai mita 885 kamar yadda aka koya mana a makaranta, mutanen ƙauyukan da ke gindinsa ne ke kula da hanyoyin hawa. Akwai hanya ta Liati Wote, akwai ta Gbledi, kowane gari da ofishinsa da 'yan jagorarsa. Ka zaɓi ɗaya tun kafin tafiya, ka biya a can, ka hau ta can, ka sauko ta can. Kada ka kai kanka cikin zancen wane gari ne ya fi haƙƙin dutsen. Kai baƙo ne, ba da kai aka raba ƙasar ba.

Da ka tsayar da wuri, sai ka nemi lambar ofishinsu ka kira da mako ɗaya kafin ranar. Ka faɗi yawanku, manya nawa, yara nawa, 'yan makaranta nawa. Ka tambayi kuɗin shiga, da na jagora, da ko akwai na kamara, da ƙarfe nawa suke daina barin mutane su fara hawa. Ka rubuta amsar a takarda ka sa a aljihu. Ranar tafiya kuma mutum ɗaya ne zai yi magana a ƙofa. Saura su zauna a mota ko su tsaya a inuwa. Mutum talatin in suka kewaye teburi ɗaya, ko gaisuwa suke yi, mai teburin gani zai yi an zo masa da faɗa.

Kowa ya riƙo Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Wannan magana ta fi shafar mu mutanen zango fiye da kowa, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, tazarar kuma ba kaɗan ba ce. Wata shekara, a wani wuri da ba zan kama sunansa ba, mai karɓar kuɗi ya ji muna Hausa, bai tambaye mu komai ba ya rubuta mana kuɗin baƙi. Wata yarinya a cikinmu, haifaffiyar unguwar Maamobi a Akra, wadda kakanta ma a Akra aka binne shi, ta tsaya tana kallon biron yana tafiya a kan takardar, idonta ya kawo ruwa. Samari suka fara taruwa. Na ce da su su koma mota. Na karɓi katunan kowa, na jera su a kan teburin ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Ranka ya daɗe, ga mu nan, duba." Mutum uku ba su zo da nasu ba, muka nuna katin makaranta da na inshorar lafiya. Ya yaga takardar ya sake rubuta wata. Da na biye wa zuciya a ranar, da mun koma Nima ba mu taka dutsen ba, yarinyar kuma da abin da za ta riƙe ke nan. Bayan mun dawo na rubuta wa shugabannin wurin takardar koke, da kwanan wata da lambar rasit. Katin zai yi maka amfani tun a hanya ma, domin mai zuwa Hohoe, garin da ke kusa da Wli da Afadjato, in ya haye gadar Adomi zai tarar da shingen jami'an shige da fice a Asikuma.

Duk kuɗin da ka ba da, ka karɓi rasit. In aka ce da kai akwai wani kuɗi da ba ka ji shi a waya ba, ka ce a nuna maka a allon farashi, cikin ladabi, ba tare da ka kira kowa ɓarawo ba.

Sai maganar jagora, wadda ita ce uwar gardama. Samari ba sa son a haɗa su da wanda zai ce musu ku tsaya, ku jira na baya. Suna cewa hanya ɗaya ce, ga ta nan a waya. Ni dai na ga amfaninsa da idona. A Afadjato hawan bai wuce awa ɗaya ba ga mai ƙarfi, amma a tsaye yake, saukowa kuma ta fi hawan wuya. Wani yaronmu ya ɓoye kambas ɗinsa a mota ya hau da calewote, wato silifas. A saukowa igiyar takalmin ta tsinke, ya zame a kan tsakuwa, ya tsaya da saiwar itace a hannu, gwiwa na jini. Jagoranmu, dattijo ne siriri da adda a kugu, bai yi masa faɗa ba. Ya saro sanda ya miƙa masa, ya ce ya riƙa saukowa a karkace yana taka inda ya taka, har ƙasa. Dutsen nan a bakin iyakar Togo yake, kuma akwai ƙananan hanyoyin manoma da ke ratsa dajin. Wanda bai san wurin ba zai iya ɗaukar ɗaya ya yi ta tafiya. Da ɗan gari akan ci gari. A Mole ma ba a barin kowa ya shiga daji a ƙafa sai da ma'aikaci mai bindiga, saboda giwaye. Masu zuwa Kilimanjaro a Tanzaniya da kuɗinsu mai yawa, su ma ba a barin su hau su kaɗai.

In aka ce maka an rufe hanya saboda ruwan sama, ka karɓa. Na san zafin abin: an tara kuɗi wata biyu, an tashi tun asuba, an sha awa huɗu ko biyar a mota. Amma ka tuna Kintampo, inda shi ma ruwa ke zubowa daga kan dutse, a watan Maris na 2017, lokacin da hadari ya taso, itace ya faɗo kan masu wanka a gindin ruwan, mutum kusan 20 suka rasu, mafi yawansu 'yan makaranta. Sai da aka rufe wurin tsawon watanni. Mai gadin da ya kalli sama ya ce "yau ba hawa" ya san abin da yake gudu. Shi ya sa nake tanadin wuri na biyu a kowace tafiya. A Wli, in hanyar zuwa ruwan da ke can bisa dutse ta rufu da damina, ta ruwan da ke ƙasa mai sauƙi ce, ana bin ƙananan gadoji har gindin ruwan, ga jemagu dubbai manne a jikin dutse. Daga Liati Wote kuma akwai ruwan Tagbo.

Akwai wuraren da za a ce kada ka shiga, ko kada ka taɓa, ba don haɗari ba. A Shai, Turawan mulkin Ingila ne suka kori mutanen daga kan duwatsunsu a 1892, kuma jikokinsu har gobe suna komawa ziyara lokacin bikinsu na shekara. Kogon da kake ɗaukar hoto a ciki gidan kakan wani ne. Ba a ce ka yarda da abin da suka yarda da shi ba. Ka hana yaranka rubuta suna a jikin dutse, ka hana su dariya in jagora na bayani. Mu ma da baƙo zai shigo masallacin Larabanga da takalmi, ba za mu ji daɗi ba.

Salla ba ta taɓa zama matsala gare mu ba, don tun a ƙofa nake ce wa jagora, da kiran girmamawa na harshen Ewe, "Efo, in azahar ta yi za mu tsaya minti goma, ina ya dace?" Sau da yawa shi da kansa zai nuna mana shimfiɗaɗɗen wuri. Ku riƙo buta da ruwan alwala daban da na sha, kada ku yi alwala a cikin rafin da gari ke sha. Ledar fiya wata da ganyen waakye (shinkafa da wake) kowa ya mayar cikin jakarsa. A Shai kuma ku rufe gilashin mota in akwai abinci a ciki, kada kowa ya miƙa wa gwaggon biri ayaba, domin in ya karɓi ɗaya zai dawo neman jakar gaba ɗaya.

Ku bar Akra kafin ƙarfe biyar na asuba in Afadjato za ku, don ku fara hawa rana ba ta yi zafi ba. Ka sa mai ƙarfi ɗaya a can baya, ka ƙirga mutanenka a ƙofa, a bisa, da bayan an sauko. In an gama, ka damƙa wa jagora ɗan goro a hannunsa ban da abin da ka biya a ofis, ka ce masa "akpe", wato na gode da harshen Ewe, ka karɓi lambarsa. Shi za ka kira baɗi ka ji ko hanya a buɗe take.