Yadda za ki karanta roman ɗin matan da ke rubutu da Sipaniyanci ki gane inda suka dosa

Duk wadda ta yi lise a nan Maradi ta san marubuciyar Senegal Mariama Bâ, amma matan Sipaniya da Meksiko da Cile ba kasafai littattafansu ke zuwa hannunmu ba, alhali abin da ke cinsu shi ke cin mu, aure, gado, duka, 'yar aiki, wa ke da ta cewa a gida. Ba sai kin iya Sipaniyanci ba, manyan cikinsu an fassara su da Faransanci. Sai dai akwai yadda ake karanta su, in ba haka ba ki gama littafi ki ce to ai wannan labarin cikin gida ne kawai, ina maganar 'yancin matan take.

Kafin komi ki duba shekarar da littafin ya fito, sannan ki tambayi wa ke mulki a lokacin. Ki ɗauki Nada na Carmen Laforet, ya fito 1945. Sipaniya ta yi yaƙin basasa daga 1936 zuwa 1939, Janar Franco ya ci, ya zauna bisa mulki har ya mutu a 1975, kuma a shekarun da Nada ya fito kowane littafi sai ya bi ta hannun masu tacewa kafin a buga shi. Matar aure ba ta iya kama aiki ko ta buɗe asusu a banki sai da izinin miji, ba a soke wannan doka ba sai 1975, saki kuma sai 1981 aka maido shi. Donk kar ki jira Laforet ta fito ta yi miki jawabi, ba ta da wannan damar. Abin da ta yi, ta ɗauko yarinya Andrea 'yar shekara 18 ta sauke ta Barselona da dare ta zo karatun jami'a, ta shigar da ita gidan kakarta a titin Aribau, gida duk datti kaya jibge kan kaya, yunwa ta kai yarinyar tana shan ruwan da aka dafa ganye a ciki wanda za a zubar. Kawunta Juan yana jibgar matarsa Gloria, kuma ita Gloria ɗin ce ke fita da dare ta yi caca da karta gidan 'yar'uwarta ta samo abin da za a ci. Marubuciyar ba ta tsaya zagin gwamnati ba, gidan ta nuna miki, ke ki lissafa.

Abu na biyu ki samu kaye da bik kusa da ke. Duk babin da kika gama ki rubuta wa ke riƙe da kuɗi, wa ke riƙe da makulli, wa ke fita ba tambaya, wa ke girki wa ke ci. Littafin Laura Esquivel na 1989, wanda a Faransanci ake samu da sunan Chocolat amer, shi ne mai sauƙin gwada wannan don kusan duka a madafi yake, babi 12 ne kowane da watansa da girkinsa. Tita ita ce auta, al'adar gidansu kuma auta ba ta aure, sai ta zauna ta yi jinyar uwa har uwar ta mutu, saurayinta Pedro ya auri yayarta don dai ya zauna kusa da ita, aka kuma sa Tita ta yi gato ɗin bikin, hawayenta ya zuba a ƙullun, baƙi suka ci suka dinga kuka da amai. In kin cika kayenki za ki ga wani abu, wadda ta kafa dokar nan ta tsare ta ba namiji ba ne, Mamá Elena ce, uwa. A Nada ma gwaggo Angustias ce ke tsaron fitar Andrea da shigarta. To wanda ya ce miki littattafan nan zagin maza ne kawai bai karanta ba.

Nan ne nake son ki daɗe, wajen 'yar aiki. Rosario Castellanos 'yar Meksiko ta fitar da Balún Canán a 1957, labarin a jihar Chiapas ta ƙasarsu yake zamanin shugaba Lázaro Cárdenas da ya yi mulki 1934 zuwa 1940 ya ce a raba wa talakawa gonaki a kuma buɗe wa 'ya'yan ma'aikatan gona lakwal. Mai ba da labarin yarinya ce 'yar shekara 7 wadda ko suna ba a ba ta ba, ƙanenta Mario shi ke da suna don shi ne magaji. Wadda ta raine ta 'yar ƙabilar Tzeltal ce, ita ke son yarinyar tsakani da Allah, amma ranar da ta faɗa wa uwar gida Zoraida cewa ɗanta namiji ba zai yi rai ba sai aka kore ta. Zoraida abin tausayi ce, darajarta duka a gidan miji ta rataya ga wannan ɗa namiji guda, kuma ita ɗin ce dai ke taka na ƙasa da ita ba ta ko waiwaye. Ki karanta wannan ki tuna da yaran da ke zuwa aikatau daga ƙauye cikin gidajenmu, wallahi ba daɗi. Ni a wurina Castellanos ta fi su duka zurfi, ko da yake ba ita aka fi sani ba.

Sai ki koyi lura da shiru. A La Maison aux esprits na Isabel Allende, 1982, ranar da Esteban Trueba ya bugi matarsa Clara har haƙoranta suka zube ba ta rama ba, ta dai daina yi masa magana har ta koma ga Allah. Amma tana rubutu a kaye-kayenta, kuma da su ne jikarta Alba ta haɗa labarin gidan. Kar maganar fatalwa da duba da ke cikin littafin ta ɗauke miki hankali. Ki bi zaren Pancha García, 'yar ƙauyen da Esteban ya yi wa fyaɗe yana saurayi, jikanta ne ya zama babban ɗan sanda ya azabtar da Alba bayan sojoji sun ƙwace mulki. Allende ba ta ambaci sunan ƙasar ba amma kowa ya san juyin mulkin Cile na 1973 take nufi.

Na yanzu-yanzu ki bar su ƙarshe. La Saison des ouragans na Fernanda Melchor, 2017, kisan kai ne da talauci da zagi da batsa ba ɓoye-ɓoye, jimla ɗaya ta yi ta tafiya ba tsayawa, ba littafin da za ki miƙa wa ƙanwarki 'yar kolej ba ne.

Samun su a gari da wuya, sai dai ki ba wa mai zuwa Yamai sautu. In kwafi ɗaya ya samu ku haɗu ku uku ko huɗu ya dinga zagayawa, babi guda a sati, kowa ta zo da kayenta. Ku fara da Esquivel don ya fi saurin shiga, sannan Allende, sannan Nada, na Castellanos kuma in an dace an same shi kar a bari ya kwana hannun wadda ba ta maido da aro.