Yadda na tayar da tsohon injin tururi na wasan yara

Injin ƙirar Mamod ne, kamfanin da aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1937. A Kasuwar Kurmi na tsinto shi cikin tarkacen kayan da, wilinsa ya ƙage, ko motsi ba ya yi.

Wilin bai ba ni wuya ba. Na ɗiga kananzir a gindinsa, ya kwana, da safe ya saki.

Tukunyar tagullar da ruwa ke tafasa a ciki ya ba da tururi ce ta ci min lokaci. Da na kwance bawul, wato murfin da ke sakin tururi in ya yi yawa, na haska ciki, sai ga farin datti ya daskare kamar gindin tsohuwar butar shayi. Na zuba ruwan khal da ruwan ɗumi, na bar shi ya jiƙa, na yi ta ɗauraya har ya fito fes. Bututun da ke kai tururi ma ya toshe, da siririyar waya na buɗe shi.

Duk da haka tururi na tsiyaya ta gefen silinda, wato ɗan bututun da fistan ke kai-komo a ciki yana juya wili. A irin wannan inji silindar ce kanta ke lilo, sifirin na danne fuskarta a jikin ƙarfe, kuma fuskar ta yi zane. Na shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi, na goga a hankali har ta kwanta sumul.

Bawul kam ban yarda a daddanne shi ba, shi ne ke hana tukunya fashewa. Sabuwar washa kawai na sa masa.

Na zuba tafasasshen ruwa ban cika tukunyar ba, na shafa wa fistan mai, na kunna wutar sipirit a ƙarƙashin tukunyar a tsakar gida. Da na tura wilin da yatsa, sai ya kama gudu.