Kare Mai Ciwon Mafitsara: Kurakuran Da Ake Yi Wajen Ba Shi Abin Gwaguya

A Jos, daga Rayfield har Bukuru, masu kiwon kare sai ƙaruwa suke yi, kuma kuskure ɗaya ake ta maimaitawa har ya ishe ni. A kai kare asibitin dabbobi yana fitsari da jini, likita ya rubuta abinci na musamman mai tsadar gaske, maigida ya saya, da yamma kuma ya jefa wa karen hanta ko ƙashi wai don tausayi. Bayan wata biyu a dawo ana cewa abincin bai yi aiki ba.

Tushen matsalar shi ne sayen abin gwaguya ba tare da sanin irin tsakuwar da ke cikin mafitsarar karen ba. Tsakuwar ba iri ɗaya ba ce. Akwai situruvait, wadda ta fi kama karya, kuma galibi ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ta. Ita tana narkewa da magani da abincin da ya dace. Akwai kalsiyam oksalet, wadda ta fi samun ƙananan karnuka maza irin su Lhasa Apso da Shih Tzu, kuma ba ta narkewa, sai an cire. Akwai yuret, ciwon gadon Dalmatian, da kuma sistin da ake gani a Bulldog da Mastiff maza. Abin da kare mai wannan tsakuwa zai ci lafiya lau, shi zai kwantar da mai waccan. Saboda haka idan an yi wa karenka aiki, kada ka bari a zubar da tsakuwar. Ka nemi likitan ya aika da ita a auna, a kuma gwada fitsarin.

Sai maganar hanta, wadda ita ta fi ƙona mini rai. An ɗauka cewa hanta gata ce, duk wanda ya je mahauta sai ya ce wa mahauci ya ƙara masa ta kare. Hanta, ƙoda da kifin gwangwani cike suke da sinadarin fiyurin, shi ne jiki ke mayarwa yuret. Jikin Dalmatian ba ya iya sarrafa shi kamar na sauran karnuka, sai ya taru a fitsari ya daskare. Abin ya fi muni idan karen yana shan Allopurinol, maganin rage yuret: a haɗa maganin nan da hanta, wata sabuwar tsakuwa ce za ta fito, mai suna zantin. Wato ka biya kuɗin magani, ka kuma biya kuɗin abin da zai lalata shi. Busasshiyar hantar da ake sayarwa a leda a shagunan kayan karnuka ma duk hanta ce, shanya ta bai rage komai ba.

Masu kare mai oksalet kuma, ku saurara da kyau. Kun ji an ce a guji nama da yawa, sai kuka koma kan busasshen dankalin Hausa da ƙuli-ƙuli, kuna murna kun samo na gida. Haba jama'a! Gyaɗa, dankalin Hausa da alayyahu suna cikin abubuwan da suka fi yawan oksalet. Ganda da fatar da ake naɗewa kamar ƙashi ma ban yarda da su ba ga irin wannan kare, domin sinadarin kolajin da ke cikinsu jiki na iya juya wani sashensa zuwa oksalet. Haka ƙwayar bitamin C da wasu ke jefawa a kwanon kare ba tare da likita ya ce ba.

Kilishi, tsire da balangu: a'a. Ga gishiri, ga yaji, ga albasa da tafarnuwa masu lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Inibi da zabibi suna iya kashe ƙoda. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Ƙaho da kofato suna fasa babban haƙorin matauni. Duk abin da ka danna da farce bai lotsa ba, ya yi tauri. Busasshen naman kaza na leda da ba a san inda aka yi shi ba, ka bar shi a kanta: tun 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ke karɓar rahoton ciwon ƙoda a karnukan da suka ci irinsa, mafi yawa wanda aka shigo da shi daga Sin.

To me za a ba shi? Ni ga yadda nake yi. Muddin ana kan narkar da tsakuwa, babu abin da zai shiga bakin karen sai abincin da aka rubuta, ko Royal Canin Urinary S/O ne ko na Hill's. Sai in ɗebi wani kaso daga abincinsa na ranar, in jiƙa da ruwan ɗumi na minti 15 har ya kumbura, in cusa cikin robar nan mai rami da ake kira Kong, in sa a firiza. Kare zai daɗe yana lasa yana taunar robar, ga ruwa ya shiga cikinsa. A zaɓi robar da ta fi ƙarfin haɗiya, a jefar da ita da zarar ta fara ɓantarewa. Bayan an warke, idan likita ya amince, nakan ƙara da yankan kokwamba mai sanyi ko kankana da aka cire wa 'ya'ya, ga su nan birjik a kasuwar Farin Gada. Duk abin marmarin da za a ba shi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini, kuma a faɗa wa yaran gida da maigadi, don su ne ke ba shi ta bayan fage.

Ruwa ma ana sakaci da shi. Kare na buƙatar kusan mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, wato mai kilo 30 zai sha lita ɗaya da rabi ko fiye. Da hunturun Jos ba su cika sha ba, ga busasshen abin tauna, fitsari sai ya yi kauri. A ajiye kwano biyu, a riƙa canza ruwan, a kuma fitar da shi daga keji ya yi fitsari sau huɗu ko fiye a rana.

Idan namijin kare ya ɗaga ƙafa yana nishi, ɗigo kawai ke fita ko babu komai, tsakuwa ta toshe hanya ke nan. Kada a jira gari ya waye, kada a ɗura masa jiƙo. A ɗauke shi zuwa wurin likitan dabbobi a daren.